Yadda Jikata Ta Cinye Mini Jawabi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zauna wasan karta da jikokina a unguwar Edgbaston ta Birmingham ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni da Hajiya mun taso daga unguwarmu ta Moss Side zuwa gidan ɗanmu, likita ne a can, saboda walimar babbar 'yarsa Nabila da ta gama jami'a. A jakata akwai jawabin da na shirya. Duk danginmu na Ingila sun san jawabina: in fara da Larabci, in ratsa ta Faransanci, in sauka a Turanci, in rufe da Hausa. (Na daɗe ina lura da yadda mutane ke fita amsa waya a tsakiyarsa, amma na ɗauka yawan aiki ne irin na ƙasar nan.)

Ana gobe walima, bayan la'asar, ruwa ya hana kowa fita. Na tarar da Nabila da ƙaninta Faruk da wani ɗan kawunsu sun kewaye tebur da karta, kowa da tulin dabino a gabansa. Suka ce sunan wasan Texas Hold'em. Na yi tsaki. Na gaya musu na ga dara a Maraɗi, na ga tawula a shagunan shayin Alƙahira, na ga tsofaffin Istanbul suna wuni a kan allo ɗaya, kuma duk waɗannan wasannin hankali ne. Wannan kuwa wasan makiyayan Amurka ne da suka rasa abin yi.

Nabila ba ta ɗago kai ba. "Angon nawa tsoro yake ji," ta ce wa ƙaninta. Tun tana ƙarama haka muke, ina ce mata amarya, tana ce mini na tsufa ta fasa.

Na ja kujera. Na tambaya ko caca ce, suka ce ba kuɗi, dabino ne kawai, kuma a ƙarshe kowa ci zai yi. Nan take na yi wa kaina fatawa mai sauƙi.

Faruk ya koya mini da Hausarsa mai warin Birmingham. Kowa za a ba shi kati biyu ya ɓoye. Sai a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, uku tukuna, sai ɗaya, sai ɗaya. Na tsakiyan nan na kowa ne, kamar tuwo a faranti guda, sai dai kowa da miyarsa a hannu. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga nasa da na tsakiya shi ya ci. Kafin kowace shimfiɗa kuma za ka zuba dabino, ko ka ƙara a kan na wani, ko ka ajiye katinka ka haƙura. Babban sirrin, in ji shi, shi ne za ka iya cin wasa da katin banza, in dai ka sa sauran suka tsorata suka ajiye.

Da na ji haka sai na yi dariya. Wato burga. Na sanar da su cewa fuskar nan da suke gani ta yi ciniki a kasuwannin nahiya uku, babu ɗan kasuwar da ya taɓa gane abin da ke raina.

A nan Nabila ta kafa tarkonta. Ta ce idan na cinye dabinonta, gobe in yi jawabi har in gaji, ita da kanta za ta tsaya tana fassara wa ƙawayenta. Idan ta cinye nawa, addu'a kawai zan yi in zauna. Na amince tun kafin ta rufe baki.

Wasa ya fara daɗi. Duk lokacin da kati mai kyau ya zo mini, yaran nan sai su zubar da nasu kafin in ce komai. Na ɗauka kwarjini ne. Abin da ban lura da shi ba shi ne, dabino biyu-uku nake kwasa idan na ci, amma idan na gwada burga sai su bi ni har ƙarshe su yashe ni. Tulina ya yi ta ramewa, ni kuwa ina ta yi musu lacca a kan yadda 'ya'yan Ingila ba su san haƙuri ba.

Dabinon samarin biyu ya ƙare, sai ya rage ni da amarya. Aka raba, na leƙa: bakwai da biyu, ko launi ba su haɗa ba. A tsakiya sarki ya fito, sarauniya ta biyo shi. Na gyara hula, na haɗe rai irin na alƙali, na tura duk dabinona tsakiyar tebur.

Ko numfashi ba ta ja ba ta tura nata. Ta buɗe: huɗu guda biyu. Da wannan 'yar tsiyar ta kwashe ni.

Na tambaye ta wane irin rashin hankali ne zai sa mutum ya bi ni da huɗu biyu. Ta ɗauki kati, ta leƙa shi yadda nake yi, ta sauke murya ta koma tawa: "Alhamdulillahi." Ta ɗauki wani, ta ja dogon numfashi: "Allah ya kyauta."

Faruk ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Ashe tun hannun farko nake yi musu sanarwa. Bakin da ya saba godiya da neman sauƙi shekara da shekaru bai san ana burga ba.

Na juya neman agaji wurin Hajiya, wadda ke tsaye a ƙofar kicin. Ta ce, "Alhaji, ka tuna dardumar Istanbul? Kana hango ta ka ce masha Allah har maƙwabcin shagon ya ji. Sannan ka tsaya kana gaya wa mai shagon wai ba ta yi maka ba."

Dardumar nan tana falonmu har yau. Babu baƙon da ban ba shi labarin yadda na karya Baturke a kanta ba.

Washegari a ɗakin taro a unguwar Aston aka miƙo mini makirufo. Jawabina na cikin aljihu, amarya na gaba-gaba tana tauna dabinona. Na yi addu'a gajera, na zauna. Aka shafa da wata irin amin mai ƙarfi da ban taɓa samu ba a harsuna huɗu. Wani tsohon abokina, akanta, ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa jin na yi magana mai ratsa jiki kamar yau ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka yi alfahari da cewa ba a karanta fuskarka, tambayi matarka ko bakinka a rufe yake. Yanzu idan jikoki suka fito da karta, ni nake rabawa. Mai rabo ba ya leƙa kati, don haka ba shi da abin gode wa Allah a bayyane.