Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na wata Alhamis ba, lokacin da na danna maɓallin naɗar murya a wayata, na miƙa ta saitin bakin Kaka.

Galisiyanci ne ya ja mini. A jami'a, malamarmu ta darasin cuɗanyar harsuna ta raba wa kowa harshen da zai yi nazari a kai, ni na tashi da wannan, wanda ake yi a arewa maso yammacin Sifaniya. Na karanta cewa a can akwai gidajen da kaka ke magana da Galisiyanci, jika ya amsa da Sifaniyanci. Na rufe littafin. Ai gidanmu ke nan. Tun muna unguwar Nakkasa a Makka, kafin a rushe ta mu koma Kudai, Kaka ke yi mini Hausa ina mayar mata da Larabci.

Na kuma karanta cewa wasu matasan can sukan yanke shawara da girmansu su koma harshen kakanninsu. Na ce ni ma haka. Wata guda ina yi wa madubi Hausa (madubin bai taɓa gyara mini ba, shi ya sa na ɗauka na iya).

Amma ba makin jarrabawa nake nema ba. Babana ya rasu ina ƙarama, kuma duk abin da na sani game da shi da Larabci aka faɗa mini. Ina so in ji shi a harshen da aka rene shi da shi. Kaka kuwa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ni a lissafina baƙin ciki ne ya hana ta.

Ranar Alhamis ɗin ana sunan jikar Gwaggo, ƙanwar Babana, a unguwar Jarwal. Falo cike da mata, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, na durƙusa gaban Kaka, na gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Kaka, ki faɗi sunan ɗanki na fari, cikakke, sannan ki ba ni labarinsa."

Ta dubi wayar, ta kau da kai.

Na zaci ba ta ji ba. (Ni ce fa mai bin ƙa'ida.) Na ƙara ƙarfi: "Sulaiman, Kaka. Ki ce Sulaiman."

Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Can wata tsohuwa a lungu ta tuntsire da dariya, saura suka bi.

"Aib, ya binti," in ji Gwaggo da Larabci, wato abin kunya ne 'yata, ta fizge wayar. "Ɗan fari? A bainar jama'a? Ko a kan gawarsa ba ta kira sunan nan ba, sai ke da rediyonki?"

"Ku bar 'yar Makka," in ji tsohuwar. "Hausar littafi ce, ba a sa mata kunya a ciki ba."

Na ce "asfa", wato a yi haƙuri. Kun ji, wata guda na atisaye, kalmar farko da ta zo ceto ta Larabci ce. Na gudu kicin na wanke kofunan da an riga an wanke. A nan na gane cewa na haddace duk abin da Bahaushiya ke faɗa, ban tambayi abin da take yin shiru a kai ba.

Bayan magariba Kaka ta same ni a can, tana dogara sanda.

"Ƙawata, kin gama kashe ni?"

Na sunkuyar da kai. Da Hausata mai ɗingishi na ce, "To Kaka, in ba kya faɗar sunansa, da me kike kiransa?"



"Ban taɓa kira ba. Ido nake ɗagawa, ya zo. Gobe ki zo ki tsefe mini kai, ki bar rediyon a gida. Suna dai ba za ki ji ba, amma sauran duka zan ba ki. In kika amsa mini da Larabci kuwa, nan zan tsaya."