Rasuwar Fallen Silin na Ɗakin Yara

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da tsoro, ni Abigail Li'azaru, tsohuwar malama da ta ajiye alli amma take koyar da yara ran Lahadi a majami'armu ta Madarumfa, ina sanar da 'yan'uwa rasuwar fallen silin ɗin da ke saman bencin ƙananan yara. Ya faɗo ranar Laraba da hantsi, ɗakin babu kowa. Da ya jira Lahadi, da wata sanarwar nake rubutawa.

Marigayin ya shigo ta garin Ɗan Issa tare da 'yan'uwansa cikin kwali. An yi shi da zaren dutse da aka narkar, aka haɗa da yumɓu da sitaci, aka matse. Fari ne, mara nauyi, fuskarsa duk ƙananan huji. Da waɗannan hujin yake shanye hayaniya. Kafin zuwansa, in ruwa ya sauka kan kwano sai mu rufe littafi, don ba mai jin wani. Da ya zo, har Jinƙai mai ƙaramar murya ana jin karatunta daga baya. Ya tare mana zafin bazara, kuma ba ya saurin kama wuta. Bai taɓa neman komai ba sai a kakkaɓe shi da busasshen tsumma, kada a ɗora masa kaya, kada ruwa ya taɓa shi.

Ciwon ajalinsa ya fara damina biyu da suka wuce, da wani tabo mai kalar shayi. Na nuna wa dattijo Ishaya. Ya ce tsufa ne, kowane silin haka yake yi, farar ƙasa ce maganinsa. Na ce tabon silin ba daga silin yake fitowa ba, daga sama yake sauka, a hau a duba kwano. Ya yi dariya, ya ce Baba Abigail ta saba gyara kuskure da jan biro. Gab da Kirsimeti samari suka shafe shi fes, kamar yadda ake shafe komai a nan in baƙi za su zo. Hujinsa suka toshe, ɗakin ya koma amsa kuwwa, tabon ya ɓace. Kowa ya ce ya warke.

Tun ina yarinya nake jin ana yabon mai haƙuri da ba ya kuka. Ni ban yarda ba. Marigayin ya sha ruwan damina biyu shiru, kuma shirun ne ya kashe shi. Abin da na taɓa ji daga gare shi kawai, in ɗaki ya yi tsit bayan an ɗauke ruwa, shi ne ɗis, can ciki, sai an jima kuma ɗis. Maganarsa ta ƙarshe, in ji mai shara Rahama da ke tsakar gida, tim.

Na ga gawar. Cikinta baƙi ƙirin da fumfuna da kashin jemage, tana marmashewa kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli.

Ya bar 'yan'uwa da yawa, duk farare tas, ba mai iya gane mai lafiya a cikinsu. Wasu sun yi ciki suna rinjayowa. Ɗaya yana riƙe da ƙwan lantarkin da aka rataya masa ba da shawararsa ba, wayar kuwa tana kwance cikin damshi. Dattawa sun zauna, sun yanke a toshe gurbin da sabon falle, kwano sai bayan girbi. Damina ko rabi ba ta yi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan ginin majami'a. Masu ɗauka su rufe hanci da baki, su sa shi cikin buhu ba tare da sun kakkarya shi ba. Kada a bar yara su tsinci gutsattsarinsa su yi alli da shi.

Ran Lahadi yaran za su yi karatu a inuwar itacen bedi, kuma a can za su zauna har sai an hau sama an duba kwano. Gaisuwar ta'aziyya kuwa a cikin ɗakin za a karɓe ta, ƙarƙashin waɗanda suka saura. Na keɓe wa dattawa bencin ƙananan yara. In hadari ya taso daga wajen tafkin Madarumfa, kada wanda ya tashi, tunda an ce sauran fallayen lafiyarsu ƙalau. Ni a same ni a waje.