Jirgin Nomau Mai Haƙoran Kifi

A Rafin Marke akwai wani gida mai ƙofar kara, mutum biyu ne a ciki, amma kullum tuwon mutum uku ake tuƙawa. Akwai Inna Tabawa, akwai autanta Nomau. Na ukun Shekarau ne, yayan Nomau, wanda ya bar garin shekara tara da suka wuce. Ranar da zai tafi birni neman zama matuƙin jirgi, 'yan majalisar gindin marke suka yi masa dariya, shi kuwa ya buga ƙirji ya ce, "Wallahi ba zan sake taka garin nan ba sai da jirgi!" Tun daga ranar sai dai gaisuwa ta waya in salla ta zo. Ga shi ciwon yana ya fara rufe wa Inna ido, kullum maganarta ɗaya ce, ta ga fuskar ɗanta kafin ganin ya tafi.

Shi kuwa Nomau, Allah Sarki, mutum ne mai zuciya fes, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ya sa a ransa duk jirgin da ya gifta ta saman garin Yaya ne a ciki, wurin sauka ne kawai bai gane ba. Da ya ji ƙugi zai yar da fartanya ko lomar tuwo, ya fita da gudu yana kaɗa hula yana kiran, "Yaya! Nan ne, Yaya!" Jirgin ya wuce, shi kuma ya dawo jiki a sanyaye.

Wata rana ya je kasuwar babban gari, sai ya tarar da Malam Isiyaku mai shagon kayan lantarki yana tashin wani ɗan jirgi da rimot. Nomau ya saki baki. Nan take dabara ta faɗo masa: in ya samu irin wannan, sai ya tura shi sama ya nuna wa Yaya hanya. Ya ce, "Malam, wanne zan ɗauka?" Malam Isiyaku ya ce, "Mai koyo ba ya zaɓen kyau. Ka nemi wanda in ya faɗi ba ya fashewa." Ya juya zai sallami wata mata, sai ya ji ƙwas! Ya waiwayo ya ga Nomau ya ɗaga na biyu sama da kansa zai sake. "Kai! Kai! Me kake yi?" Nomau ya ce, "Nema nake, Malam. Wancan dai ya fashe." Malamin ya yi salati, ya fizge na hannunsa, ya ciro masa wani kore na soso mara nauyi, samfurin jirgin yaƙin zamanin da, mai faɗin fukafukai, an zana masa haƙoran kifi a hanci. Ya ce, "Wannan ba shi da gudu, kuma yana da haƙuri da mai koyo. Ɗauki ka bar mini shago lafiya." Tunkiyar Nomau ce ta tafi a wannan ciniki.

Wata rana da hantsi ya fita faƙon bayan gari, yana ta maimaita abin da aka gaya masa, wai in za a tashi jirgi a fuskanci iska. Ya ajiye jirgin, ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska take, ya juya ya fuskance ta sosai. Jirgin kuwa yana bayansa, hancinsa na kallon gari. Ya danna. Farfela ta ɗauka, jirgi ya ruga a ƙasa, bai tsaya ko'ina ba sai cikin shanyar barkonon Gwaggo Lanti maƙwabciyarsu. Rabin unguwa ya yini yana atishawa. Gwaggo ta fito da muciya tana cewa, "Nomau, ubanka zan ci!" Ya ce, "Gwaggo, yi haƙuri, ni ma ban ga abin da ya faru ba, iska nake fuskanta."

Wata rana kuma, bayan Malam Isiyaku ya gyara masa zance ta waya, ya ƙara masa da cewa, "Jirgin ne zai fuskanci iska, ba kai ba. Kai kuma kada ka kuskura ka ɗauke idonka daga kansa." To fa! Ranar jirgi ya tashi. Ya ɗaga a hankali, ya wuce tsayin gawo, cikinsa na walƙiya a rana. Daɗi ya kama Nomau har hawaye suka zubo masa, ya bi shi da ido, ƙafafu ma suka bi. Yana tafe kai a sama, sai ji aka yi tsundum, ya faɗa kududdufin da ake ɗiban ƙasar gini. Masu wanki suka ce sun ga hannu biyu riƙe da rimot a saman ruwa, da ido biyu a buɗe. Jirgin ya sauka abinsa a cikin ciyawa. Ko da aka koma gida Nomau bai ɗauke idon ba, ya ɗora jirgin a kan turmi yana cin tuwo yana kai loma kunci. Inna ta shafa fiffiken ta ce, "Ɗan nan, kana ganin zai hango wannan ɗan abu daga can?" Ya ce, "Zai hango, Inna. Kore ne." Ta rufe kwanon mutum na uku.

Wata rana ya ji ƙugin babban jirgi daga gabas. Da sauri ya tashi nasa, ya tura shi sama fiye da yadda ya taɓa yi, yana ihu, "Bi shi, Yaya! Bi koren!" Iska ta kwashi ɗan jirgin, ya fara juyi. Sai ya tuna Malam ya ce in ya rikice a saki komai, zai daidaita kansa. Nomau ya saki komai. Ya ajiye rimot a ƙasa, ya cire hula ya ajiye, ya zauna. Jirgin kuwa ya daidaita kansa tsaf kamar yadda aka faɗa, ya miƙe sak ba mai juyo shi, har ya rungumi kukar bakin rafi. Fiffike ɗaya ya karye. Babban jirgin ya shige cikin gajimare, bai ko rage gudu ba. Nomau ya tsince gutsattsarin yana kuka wiwi, ƙato da shi.

Ya kira Malam Isiyaku. Malamin, da ya riga ya gaji, ya ce, "Ɗan gam kawai yake so. Kai shi wurin wanda ya san jirgi." Shi nufinsa mai gyaran rediyon da ke kusa da shagonsa. Amma Nomau mutum ɗaya ya sani a duniya da ya san jirgi. Ya zuba nasa a buhu, ya hau motar birni, ya je ƙofar filin jirgi ya ce ya kawo gyara. Masu gadi suka leƙa buhu, dariya ta kusa kayar da su. Ya ce, "A kira mini Shekarau na Rafin Marke, matuƙi." Wani ya ce, "Shekarau dai mai tura keken kaya?"

Sai ga shi ya fito, ya rame, furfura ta fara tsiro masa a gemu. Ya ga ƙanensa, ya sunkuyar da kai. Suka koma gindin wata bishiya, Shekarau ya nemo gam yana liƙa fiffiken. Nomau ya ce, "Yaya, kullum ina ɗaga maka hula ba ka sauka. Idon Inna ya kusa rufewa." Shekarau ya ce, "Ban taɓa shiga jirgi ba, Nomau. Kaya nake kaiwa bakinsa in dawo. Na rantse a gaban mutane sai da jirgi, da wane ido zan kalle su?" Nomau ya yi ɗan tunani, ya ce, "Au, jirgin ne babu? Ai da ka faɗa tuntuni. Ga shi nan a hannunka, na ba ka. Tashi mu tafi."

Da la'asar washegari 'yan majalisar gindin marke suka hango mutum biyu tafe. Wani tsoho ya ce, "A'a, Shekarau! Ina jirgin?" Shekarau ya ɗaga shi sama, kore, da haƙoransa, gam bai gama bushewa ba. Tsohon ya dube shi, ya dubi Nomau, ya ce, "To, ai jirgi ne. Rantsuwa ta fita. Wuce, tsohuwa na jira."

Inna ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta jawo ta dab da tata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Na gan ka. Ka rame." Ta buɗe kwanon nan na uku ta tura masa.

Suna cikin ci sai ga ƙugin jirgi ta saman gari. Gwaggo Lanti ta leƙo ta katanga ta ce, "Nomau, ga jirgi can!" Nomau ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Bari ya wuce, Gwaggo," ya matsa wa yayansa da miya.