Jigona Mai Guga Biyu

Shekara bakwai ina faɗa wa mutanen Tambuwal zan kafa jigon ban ruwa mai guga biyu. Har gwafarsa na saro, na jingine bayan rumbu. Sai fatake suka ce wani ya kafa irinsa a Kebbe. Na ruga wurin Sarkin Noma, ina buga ƙirji dabarata aka sace.

Ya ce, "To Malam, gwada muna naka."

Na ja jama'a zuwa bayan rumbu. Ina ɗaga gwafar, ta zube gari a hannuna. Gara ta cinye cikinta.

Har yau in na ratsa fadama sai an ɗaga murya: "Sarkin Gara, yaran naka sun ƙare jigon?"