Cindo da Taswirar da Aka Sayo a Tsallake

A Tungar Gawo, garinmu da ke bakin iyakar Nijar, akwai wani bawan Allah wai shi Cindo. Katangarmu ɗaya da su, saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi. Gidan su uku ne: shi, da matarsa Ladingo, da mahaifiyarsa Inna Hajo, sai jaki. Cindo ba mugu ba ne, kuma ba rago ba. Matsalarsa ɗaya, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. "Kai, wane," shi ke nan.

To, a ƙarshen gonarsu ta arewa, daga gindin wani gawo, akwai wani yanki mai kyawun ƙasa da Inna ta gada wajen mahaifinta, mutumin Gidan Tsamiya da ke tsallaken iyaka. Sai maƙwabcinsu na gona, Alhaji Nomau, ya tashi ya ce na kakansa ne, ya tara shaidu. Inna ta ce nata shaidun suna tsallake. Alhaji ya ce ƙasar Tungar Gawo ce, ba ruwan baƙi da ita. Dutsen iyaka kuwa yashi ya binne shi tun muna yara. Dagaci ya ce a kawo masa taswirar gonar kafin ruwan shuka, in ba haka ba zai bi shaidun da ke gabansa. Inna ta daina cin abinci sosai, wallahi har tausayi take ba ni.

Wata rana Ashiru, ɗan ƙanen Inna da ke aiki da masu awon filaye a birni, ya aiko da tsohuwar wayarsa, sannan ya kira. Ya ce akwai manhajar awon gona a ciki, kana zagaya gona tana zana taswira, amma sai an sayi lasisi, wato izinin amfani da ita. "Tsada gare shi a nan," in ji shi. "Kamfanin ya raba farashi ƙasa-ƙasa. A wajensu can tsallake bai kai rabin namu ba. Ku jira ni tukuna." Cindo kuwa tun yana yaro Inna ta koya masa cewa inda kaya ya fi araha can ake saye. Ranar kasuwar Gidan Tsamiya ya ja akuyar Ladingo, ya ɗora wa jaki mangala, ya tsallaka. Ya sayar da akuya, wani mai cajin waya ya saya masa lasisin. Cindo ya buɗe bakin mangala yana jira.

"Ina kayan?"

"Ai yana cikin wayar."

Cindo ya jinjina wayar a hannu, ya ce lalle ta ƙara nauyi. Ya sa ta a ɓari ɗaya na mangala, ya sa dutse a ɗayan don kada kaya ya karkace, shi kuma ya tako a ƙasa har gida don kada nauyi ya yi wa jaki yawa. Ladingo ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba saboda akuyarta.

Wata rana, bayan ta huce, muka ji ihu a gidan. Ashe mai caji ya ja masa kunne cewa lasisin na mutum ɗaya ne, ba a tarayya. Ladingo ta leƙa wayar kawai tana kawo masa koko, sai ya yi tsalle ya kife wayar da ƙwarya.

"Kin gani?"

"Me zan gani, Malam? Haske kawai na gani."

"To ki mayar da shi! Na mutum ɗaya aka ce."

Daga ranar in zai kunna wayar sai ya lulluɓa da zanen gado, a tsakar gida, rana na dukansa. Jaki ma in ya juyo sai ya ɗaure masa ido da rawani. Abin haushin, wani jan rubutu ne yake fitowa a wayar kullum, shi Cindo bai iya boko ba, kuma ya hana kowa ya karanta masa. Ni da kaina na ce ya ba ni in duba, ya ce, "Baba Uwani, ke mutum ce ko ba mutum ba?" Na ce mutum ce. Ya ce to an cika.

Wata rana ya kira Ashiru ya ce wayar ta ƙi zana komai. Ashiru, da bai san abin da aka yi ba, ya ce, "Wataƙila ba ta ganin sama ne. Ka ɗaga ta sama sosai." Cindo ya duba gidan, bai ga abin da ya fi rumbu tsawo ba. Ya hau, ya miƙe a kan jinka, ya ɗaga hannu. Ba mu ankara ba sai ji muka yi ruf! Mutum ya ɓace. Da aka buɗe rumbun aka same shi tsundum cikin gero har wuya, hannu ɗaya a sama riƙe da waya, yana cewa a rufe ido kafin a ciro shi. Inna ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni Hajo, gona za ta tafi, rumbu ma ya tafi." Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma.

Wata rana, ranar da dagaci ya sa a taru a gonar, Ashiru ya iso a kan babur. Gari ya fito. Alhaji Nomau ya sha babbar riga, shaidunsa na bayansa. Ashiru ya ce a ba shi wayar, Cindo ya ƙi. Ashiru ya ce to a ina aka sayi lasisin? Cindo ya ce, da alfahari, "A tsallake, Yaya. Rabin kuɗi!"

Ashiru ya dafe kai. "Innalillahi! Ai lasisin can a can kaɗai yake aiki! Shi ya sa yake da araha. Ka kashe mu, Cindo. Ɗauki abarka ka yi ta tafiya arewa har ta yi maka magana, ka ba mu wuri!"

Kowa ya san baƙin ciki ne ya sa shi faɗar haka, ban da mutum ɗaya. Cindo ya juya ya fuskanci arewa, ya ɗaga waya, ya kama tafiya cikin kunyoyi. Dagaci ya gyara murya zai yanke hukunci, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai muka ji ƙit-ƙit-ƙit daga nesa. Cindo ne a gindin gawo, wayar tana ƙara.

"Ta yi magana!" Ya yi taku baya don ya zo ya faɗa mana, wayar ta yi shiru. Ya koma gaba, ta kama ƙara. Baya, shiru. Gaba, ƙara. Yana ta yi kamar mai rawa, yara na dariya.

Ashiru ne ya fara ganewa. Ya ruga wajen dagaci. "Ranka ya daɗe, wannan abar ba ta aiki sai a ƙasar tsallake. Ga shi kowa ya ji inda ta fara."

Dagaci ya taka da kansa har gindin gawon, ya sa Cindo ya maimaita, ya saurara da kyau. Sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, daga gawon nan zuwa gaba ba ƙasata ba ce, ba ni da ikon yanka ta. Ku je wajen maigarin Gidan Tsamiya." Alhaji ya san tsofaffin can duk sun yi noma tare da mahaifin Inna. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce dama shi zaman lafiya yake so. Bai taɓa zuwa ba.

Cindo kuwa ya zagaye yankin, wayar ta zana shi tsaf, ya dawo idonsa cike da hawaye. "Inna, ki yi haƙuri. Iya wannan ɗan yankin ta yarda ta zana." Inna ta dafa gawon. Mun ga tana son ta yi masa magana, ga mutane. Sai ta juya wajen jakin da ke ɗaure a gefe ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan da ya sha wahalar zuwa tsallake, Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa kamar yadda ya yi mini."

Muka ce amin, wasunmu na share ido. Duk mun san da wa take. Cindo ma ya ce amin, har sau uku. Da suka koma gida ya ɗauki furar da Ladingo ta dama masa, ya juye wa jakin a kwano, ya tsuguna yana kallonsa har ya shanye.