Rasuwar Hassana da Usaina, Tayoyin Bayan Bebiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai cike da ƙarangiya, ni Sabi'u Haruna, mai saye da sayar da aya a kasuwar Cadawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar Hassana da Usaina, tagwayen tayoyin baya na jar motata mai aiki da lantarki, wadda mutanen gari suka laƙaba wa suna Bebiya saboda ba ta ƙara. Sun cika tare da hantsin Talatar makon jiya, a tsakiyar wata gonar gero da aka girbe, arewa da gari. Hassana, ta hannun dama, ita ta riga. Usaina ta bi ta kafin in gama buɗe ƙofa.

Ga wanda bai san marigayan ba, ba 'yan ƙasar nan ba ne. A Lome na same su, shekarar da mai ya yi wuya har mutum ya wuni a layi ya koma gida da jarka fayau. Na tafi ne da niyyar sayen akori-kura mai ɗaukar buhuna. Wani dillali mai zaƙin baki ya ja ni gefe, ya nuna mani wata jar mota mai kujera biyu, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare, ya ce wannan ba ta shan mai ko ɗigo, rana kawai take so. Na tuna irin ranar da Allah ya hore mana a Cadawa, na ce to ai ta zo gida. A bayan babbar mota aka kawo ta. Na jera farantan sola bisa rufin zaure, tana sha kwana da kwanaki kafin ta ƙoshi. Buhunan aya kuwa har yau amalanken Nomau maƙwabcina ne ke kai su kasuwa, kamar yadda yake yi tun zamanin mahaifinmu.

Marigayan sun kasance masu faɗi, masu nauyin kai, masu haƙuri. Sun fi na gaba faɗi nesa ba kusa ba, don su ke tura motar, kuma su ke ɗauke da mafi yawan nauyin batir, wanda aka ce mani ya kai na bijimi. Ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba. In mun hau kwalta za mu Gazawa, muryarsu kaɗai ake ji, shuuu, a hankali, kamar ana tankaɗe a gidan maƙwabta. Da yake Bebiya ba ta magana, wannan 'yar murya ita ce gargaɗin da kaji da awaki ke samu, kuma Allah kaɗai ya san rayukan da ta ceta tsakanin nan da Maradi. Jandarma sun sha tsai da mu, ba don takardu ba, sai don su duƙa su kalle su, su auna faɗinsu da tafin hannu, su girgiza kai su ce mu wuce.

Ba zan ɓoye ba, sun ɗan jima ba su da lafiya. Duk lokacin da na zo wucewa ta tasha, zauna-gari-banza sai su taso suna cewa in taka su gani, ni kuma ba na son in ba mutane kunya. In na taka, sai tagwayen su yi ƙiii, su bar baƙin layi biyu a kan kwalta, a tafa. Ashe naman jikinsu suke barin mani a hanya. Kafin damina ta fita zanen jikinsu ya shafe, sun yi sumul kamar bayan ƙwarya. Abdu mai faci ya duba su, ya ƙwanƙwasa su da ƙarfe, ya ce za su kai baɗi.

Abin da ya kai su ga ajali kuwa shi ne maganar da na yi da bakina. Ƙanwata Hamdiya, wadda iyayenmu suka bari tana tatata, Gwaggo Basira ta goya ta ni kuma na riƙe, ran Juma'ar nan za a ɗaura mata aure da Faruku, malamin lakol, wato makarantar boko, ɗan wani ƙauye da ke arewa da mu ta hanyar Sae Sabuwa. Ranar da aka zo sa rana, dattawan ango suka ce za su ɗauko motocin haya daga Maradi don kai amarya. Ni kuma na gyara zama, na ce su bar wannan, ƙanwata ba za ta shiga motar da aka gama ɗaukar kaji a ciki ba. A Bebiya za ta tafi, kuma ni zan kai ta da hannuna har ƙofar ɗakinta. A gaban dattawan gari biyu na faɗi haka. Magana ta bazu. Na ji har sun faɗaɗa ƙofar gidan, sun kafa rumfar zana ta musamman inda motar za ta tsaya yara su kalla.

To, da biki ya matso sai na ce bari in gwada hanyar. Tsofaffin direbobin tasha suka taru a kaina, kowa ya ce in zan shiga yashi sai na rage iska, haka ake yi tun kafin a haife ni. Gaskiyarsu ce, ni ma na sani, kowane yaron mota a ƙasar nan ya sani. Abdu ya ɗauko tsinken ashana ya danna a bakin iskar tayoyin, Hassana ta yi fiii, Usaina ta yi fiii, har suka kwanta yadda ake so. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne wannan dabara ta masu dogon wuya ce, tayoyin akori-kura da na manyan motoci. Wuyan tagwayen bai fi yatsu uku ba, ga bijimin batir a kansu. Na kama hanya ni kaɗai. Hanyar kuwa ta amalanke ce, rami dama rami hagu, tudu a tsakiya, cikin Bebiya ya riƙa jan ƙasa har ina jin abin a haƙorana. Don in tausaya mata sai na karkata na shiga gonar da ke gefe, na ga an girbe, fili fetal. An sare karan, amma kututturan na nan tsaye, an yanke su a karkace, kowanne da baki kamar mashi.

Kalmar ƙarshe da Hassana ta yi ita ce fas. Usaina ta ja tata, tsiiii, doguwa, har ta ƙare. Na fito na tsaya a kansu, babu kowa sai wata tunkiya tana kallona. A ƙasa na dawo gari, cikin takalmin zuwa buro, irin na ma'aikatan ofis. Shanun Nomau ne suka jawo gawar da yamma, yara na biye suna waƙa.

Marigayan sun rasu sun bar ƙanne biyu a gaba, sirara, waɗanda ba za su iya riƙe gidan ba. Sun bar ƙarafan da suka rayu a kansu, sun bar batir cike da wuta ba shi da inda za shi, sun bar farantan sola da yanzu unguwa ke cajin waya da su. Ba su bar magaji ba, don masu ƙera motar ba su ga dalilin sa mata tayar ko-ta-kwana ba. Da alama a ƙasarsu ba a noma gero.

Tun daga ranar nake yawon neman waɗanda za su maye gurbinsu, kuma wallahi na gaji. Na shiga Maradi rumfa rumfa da lambar jikinsu a rubuce a tafin hannuna. Wani ya fito mani da na akori-kura, ƙarfafa, ya rantse za su kai ni Agadas. Muka gwada, suka fi gurbin tayar tsawo, ko juyawa ba su yi. Wani ya tono mani guda ɗaya ta hannu daga ƙarƙashin tari, faɗinta daidai, amma ita kaɗai ce, kuma an ce in aka haɗa ta da wadda ba jinsinta ba motar za ta riƙa ja gefe guda kamar jakin da ya ga gida. Wani ɗan Katsina ya turo mani hoto a waya, sabbi fil, ya ce su ne sak. Da na ƙura ido na ga lambar ta bambanta, na tambaye shi ko za su ɗauki nauyin batir, sai ya ce ai komai na Allah ne. Dillalin Lome ya ɗauki waya da fara'a, ya yi mani ta'aziyya, ya ce akwai irinsu, in Allah ya so za su iso bayan salla, bai dai ce wace sallar ba. Abdu kuma, wanda har yanzu bai yarda tsinkensa na da hannu a ciki ba, ya ba da shawarar a mai da na gaba baya, a sa na amalanke a gaba. Na juya na tafi. Ban da ƙarfin yin faɗa.

Jiya da safe na haƙura. Na tafi gidan Gwaggo Basira don in shaida masu zan kira surukai, in lashe abin da na faɗa, in roƙe su su nemo motocin hayar da na raina. Na tarar da Hamdiya a bakin ɗaki, hannu da ƙafa cikin lalle, Gwaggo na gefenta tana tsintar wake. Na yi bayani ina kallon ƙasa. Na ce na yi mata alkawari a gaban mutane na kasa cikawa, ta yafe mani.

Na ɗaga kai. Sannan ta ce, "Yaya, dama kujera biyu ce. Kai ɗaya, ni ɗaya. Gwaggo fa, ina za ta zauna?"

Gwaggo ba ta ɗago daga wakenta ba. Ita ce ta gaya mani daga baya cewa tun ranar sa rana yarinyar nan take kuka a ɓoye, tana cewa za a kai ta gidan miji kamar buhu, babu mai riƙe mata hannu, amma ta hana a faɗa mani don ta ga yadda nake murna. Wata da watanni ina wanke mota ina goge fitilu, ban taɓa ƙirga kujerun ba. Hamdiya ta ce ita amalanken Nomau take so, wanda ya kai mahaifiyarmu asibiti, shi zai ɗauke ta ita da Gwaggo da ƙawayenta duka. Sai ta ƙara da cewa tunda na ɗora raina a kan tagwayen nan, a tambayi Abdu ko za su iya tafiyar shanu.

Abdu ya ce za su iya. Ga mota dai sun mutu, babu mai tashe su, amma in aka ɗinke wuyansu aka sa masu robar ciki, za su yi tafiya ɗaya a hankali.

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Liman ya gargaɗe ni kada in kuskura in tara mutane da sunan salla, don haka babu salla, rakiya ce kawai. Za a yi masu wanka ran Alhamis a rumfar Abdu mai faci, da omo da soso. Mai walda zai haɗa ƙarafansu da gindin amalanken Nomau. Bebiya za ta zauna takaba a zaure bisa tubala huɗu har ranar da na Lome suka iso, in sun iso. Za a tashi daga ƙofar gidan Gwaggo Basira ran Juma'a bayan la'asar, a bi hanyar amalanke, ba a ratsa gonar kowa ba. Surukai sun ce rumfar da suka kafa ba za ta tafi a banza ba, shanu za su sha inuwa.

Bayan an dawo za a raba gado kamar haka: Hassana za a tsaga ta biyu a yi wa tunkiyar amarya komin cin dusa. Usaina za a kai ta wurin baduku ya yanka mani takalmi, tunda tafiyar ƙasa ta kama ni.

Ana karɓar gaisuwa a rumfata ta kasuwa. Mai zuwa ya zo da addu'a, kada ya zo da shawara, na ƙoshi. Direbobin tasha an yafe masu zuwa.

Na ce ni zan kai ta da hannuna, kuma ni zan riƙe igiyar shanun tun daga ƙofar gida har ƙofar ɗakinta. Duk wanda ya ga ina share hawaye a hanya, kada ya tambaye ni. Na tayoyin ne.

Mai sanarwa,
Sabi'u Haruna mai aya, Cadawa,
a madadin iyalan marigayan.