Wanda Ya Kashe Mini Tumatir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar dattijo gaban Jauro, mai unguwarmu, a kan tumatir ba.

Ni ban yi makaranta ba. Shekara da shekaru ina dako a tashar Mutum Biyu. An cuce ni, an dake ni, na rama. Duk wanda ya yi mini kirki, sai na tambayi kaina me yake nema. Da bayana ya gaza, na dawo Jalingo, na samu ɗan fili a bakin kogin Lamurde, na fara noman rani.

Maƙwabcina a fadamar Baba Audu ne, mutumin Kona. Shi ya ba ni dashen tumatir kyauta. (Tun daga nan na fara sa masa ido.) Da na sayo buhun takin zamani, ya ce, "Ɗana, murfin kwalba ɗaya kowane gindi. Ka sa nesa kaɗan, kar ta taɓa saiwa."

Na dubi nasa, kore shar, sun kai ƙuguna. Na ce a raina murfin kwalba ba ya yin wannan. Tsohon nan so yake in tsaya a baya. Ranar Lahadi da ya tafi coci, na bi layi-layi ina zuba takin cikin tafin hannu biyu, daidai gindi, ina rufewa da ƙasa.

Kwana biyu ganye ya langaɓe. Na ba da ruwa. Washegari ya ƙara kwantawa, gefensa ya ƙone. Ƙasa a jiƙe, shuka kamar ta yi wata ba ta ga ruwa ba. Nasa kuwa, taku uku tsakaninmu, lafiya lau. Sai kuma na ga sawun takalminsa a cikin gonata. Shi ke nan.

Jauro ya tara manoman fadama a gindin mangwaro, ya kira malamar gona, Malama Rifkatu. Ya ce in maganata ta tabbata, Baba Audu zai bar filinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ya zuba mini wani abu."

Baba ya ce, "Na shiga, gaskiya. Na ga abu tana mutuwa, na je in duba."

"Kun ji ko? Da bakinsa!"

Malama ta shiga gonata ta tuge guda ɗaya, ta kakkaɓe. Farin taki ya zubo, bai ma gama narkewa ba. Ta karɓi gishiri wurin wata mai ƙosai, ta yanka gauta, ta barbaɗa. Muna kallo ruwa ya fara tsattsafowa.

Ta ce, "Gauta, tumatir, ni da kai, yawancin jikinmu ruwa ne. Abinci ba ya yawo a jikin mai rai sai a cikin ruwa. Takin nan kuma ɗan'uwan gishiri ne. In kaɗan ne, ya narke, saiwa ta sha. In ya yi yawa, shi zai janye ruwan saiwar, kamar yadda ka gani a gautan nan. Kana bayarwa ta sama, yana ƙwacewa ta ƙasa."

Da mai hankali ne, nan zai yi shiru. Ni na ce, "To shi ya zuba!"

Wani Bafulatani mai albasa ya ce, "Baba kashin shanu yake sawa bana, wurina yake ɗiba. Kai fa, ina buhunka?"

Kowa ya juya. Ga buhun can tsakiyar gonata, ba ko ƙwaya a ciki, na rataye shi a sanda yana korar tsuntsaye. (Da hannuna na kafa shaidar.)

Malama ta ce, "Malam, nawa ka zuba?"

Na haɗa tafukana biyu na nuna. Dariya ta ɓarke, mai ƙosai har da riƙe ciki.

Jauro ya ce, "To, an kama mai laifi. Mai ƙara, me kake so a yi masa?"

An taɓa soka mini wuƙa a tasha. Bai kai wannan zafi ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe." Ya ce, "Tashi, ka buɗe ruwa ta wanke ƙasa, wataƙila layi biyu ta tsira." Uku suka tsira, kuma shi ya riƙe mini tiyo.

Har yau ban daina zargin mutane ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin in kama hanyar gidan Jauro, sai na fara tambayar kaina abin da na yi ranar Lahadi.